Ajin yoga mai sauƙi don ɗaliban rubutu, ta ina ake farawa?

Mai_Bita ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin.

Ina cikin masu kula da wani zaure na ɗaliban koyon rubutu, akwai masu gajerun labarai akwai masu waƙa akwai 'yan kaɗan da suke koyon rubutun jarida, kuma ta Zoom muke haɗuwa tunda kowa da inda yake. To abin da ya daɗe yana damuna shi ne duk ranar da muka zauna bita, kafin a taɓa rubutun kowa sai an sha ƙorafin jiki, wannan wuyansa ya riƙe, waccan bayanta ya ƙage, wani ya ce kansa ke sarawa ta ƙeya. Akwai wata ɗalibarmu ma da in tana karanto labarinta za ka ga tana ta yarfe hannun dama a gefen kyamara, ta kama wuyan hannun da ɗaya hannun tana matsawa, ba ta ma san tana yi ba. Da na tambaye ta sai ta ce yatsunta ne suke sagewa tun da ta shiga gyaran dogon labarin da take rubutawa, har da daddare abin yana tashinta daga barci.

Shi ne wani daga cikinmu ya kawo shawarar mu riƙa yin ajin yoga, wato atisayen miƙa jiki da numfashi, mai sauƙi irin na masu farawa sau ɗaya a mako, ya zama wani ɓangare na zauren. Mutane sun yi na'am amma da aka zo maganar yadda za a yi sai kowa ya yi shiru, don kusan dukkanmu babu wanda ya taɓa yi. Kuma mu ba sa'annin juna ba ne, akwai 'yan ashirin da wani abu akwai waɗanda suka haura hamsin, akwai mai juna biyu, akwai mai hawan jini, akwai wanda likita ya taɓa ce masa yana da matsala a ƙashin baya. Ga shi abin da ake gani a Instagram ba ya ƙarfafa gwiwa, mutum ya kafa kai a ƙasa ƙafa a sama ko ya lanƙwashe har ƙeyarsa ta taɓo diddige, tun yanzu wasu sun ce in haka ne a cire sunansu.

To wane iri ya dace da mutane irinmu, kuma minti nawa? Dole ne sai mun nemo malami mai shaida ko mu kunna bidiyon YouTube mu bi tare ya isa? Sannan wanda ya kawo shawarar ya ce wai yana buɗe ƙwaƙwalwa in rubutu ya cije, ina so in ji ko da gaske ne kafin in sa haka a sanarwa, don ba na son in yi wa ɗalibai alkawarin abin da ba za su samu ba. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗan_Fisiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ni aikin fisiyo nake yi, wato jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki da gashi, bari in fara da abin da ya fi gaggawa a bayaninki, wato ɗalibar nan mai yarfe hannu. Don Allah ki ce mata ta je a duba ta, kar ta jira a fara aji. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya da jijiyar kai saƙo guda ɗaya take bi tare da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu, in wajen ya kumbura sai ya matse ta, alamarsa kuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe su riƙa sagewa, kuma ya fi tsanani da dare kamar yadda ta faɗa. In kuma ƙaramin yatsa ne yake sagewa to wata jijiyar ce daban, yawanci a gwiwar hannu take matsuwa, irin masu kafa gwiwar hannu a kan tebur su daɗe suna karatu. Likitan da ya taɓa hannun shi zai tantance wanne ne. Abin da nake so ki riƙe shi ne da yawan bidiyon da ake cewa na masu farawa ne cike suke da tsayuwar da ake ɗora nauyin jiki a tafin hannu wuyan hannu a karye, wannan kuwa ƙara mata ciwon zai yi. Kin ga amsar tambayarki ta YouTube ke nan, bidiyo bai san wa ke kallonsa ba.

Ciwon masu rubutu tsohon abu ne fa, ba kwamfuta ce ta kawo shi ba. Tun a 1713 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi bayanin abin da ke nakasa magatakarda da masu kwafar takardu, ya ce abu uku ne: yawan zama, hannu yana ta maimaita motsi iri ɗaya, da takura hankali don gudun kuskure. Duba ɗalibanki, ukun nan ne dai har yau, sai ƙarin waya da laftof da suke sa a sunkuyar da kai. Kan babban mutum yana kai kilo 5 ko kusa da haka, in yana zaune daidai bisa kafaɗu wuya ba ya jin nauyinsa sosai, amma wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa in aka sunkuyar da shi digiri 60 nauyin da ke kan wuya yana kai wajen kilo 27. Lissafi ne aka yi ba auna mutane ba, amma ya nuna miki dalilin ciwon ƙeyar nan.

Ko yoga yana magani? Inda aka fi samun hujja shi ne ciwon ƙasan baya da ya daɗe. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians ta sa yoga cikin abubuwan da ta ce a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. A shekarar kuma aka wallafa wani bincike da aka yi a Boston da mutum 320, wasu suka yi aji ɗaya a mako na minti 75 har mako 12, wasu aka tura su fisiyo, aka ga yoga bai gaza fisiyo ba wajen rage ciwo da sauƙaƙa zirga-zirga. Amma ki lura da abu biyu, ajin nasu mai sauƙi ne da aka tsara musamman don masu ciwon baya, kuma sauƙin da aka samu matsakaici ne ba warkewa sarai ba.

Kafin ku fara ki tura wa kowa 'yar takarda ya cike a asirce, malamin kaɗai zai gani. Mai hawan jini ban da riƙe numfashi ban da daɗewa kai a ƙasa. Wanda yake da hawan jinin ido shi ma ban da duk abin da kai zai koma ƙasa da zuciya, don yana ƙara matsi a cikin ido. Mai juna biyu ta fara jin ta bakin likitarta, ban da kwanciya ruf da ciki ban da murɗa ciki sosai, kuma in cikin ya tsufa kar ta daɗe a rigingine, ta kwanta ta gefe. Manya da ƙashinsu ya fara rauni kar su riƙa dunƙule baya suna neman taɓo yatsun ƙafa. Shi kuma mai matsalar ƙashin baya, in ciwon yana sauka ƙafa har ƙafar tana mutuwa ko ba ta da ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce masa, wannan ba maganar aji ba ce, asibiti ne a ranar.

Malami kuwa ku nemo, ko na farkon watanni ne. Shaidar da aka fi gani ita ce ta awa 200 mai rajista da ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka, amma ki sani wannan ba karatun likitanci ba ne, don haka ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa koyar da manya da masu ciwo. In ya tambaye ki lafiyar ɗaliban tun kafin ke ki ɗago maganar to alama ce mai kyau.

Mai_Gajeren_Labari ya rubuta:

Malama ni gaskiya ra'ayina ya ɗan sha bamban, a yi min afuwa. Mutum ya zauna awa takwas kullum a dunƙule gaban kibod sannan ranar Asabar ya miƙe na minti arba'in ya ce ya biya bashi, ai bai biya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin wanda numfashi zai ɗan hau, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, yoga mai laushi a kan kujera sau ɗaya a mako ba zai cike wannan ba ko kusa.

Sannan maganar buɗe ƙwaƙwalwa, abin da aka gwada aka gani tafiya ce. A 2014 Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na jami'ar Stanford sun sa mutane kawo sababbin dabaru a zaune da kuma suna tafiya, masu tafiya suka fi da kusan kashi 60 cikin ɗari, ko da kuwa a kan injin tafiya ne cikin ɗaki suna kallon bango. Amma a tambayar da amsarta guda ɗaya ce tak tafiyar ba ta taimaka ba, wato ta fi amfani lokacin neman ta ina labari zai ɓullo, ba lokacin gyaran jimla ba. Ni in babi ya ƙi min, takalmi nake sawa in fita, wayata a aljihu in wani abu ya faɗo in ɗauki muryata. Babu malami babu tabarma babu data.

Ba cewa nake kar ku yi ba, ina tsoron dai kar ajin ya zama wani sabon aikin gida a kan ɗaliban da dama wa'adin miƙa rubutu ya ishe su.

Umman_Biyu ta rubuta:

Salam. Ni tambayata daban ce kuma na san ba ni kaɗai ba ce za ta zo wa a rai. Yoga ɗin nan ba ibadar wasu ba ce? Na ji an ce asalinsa addinin Hindu ne, har akwai wanda ake cewa gaisuwar rana. Malama in kin sa shi a cikin zaure wasu za su ji nauyin su ce ba sa yi, su zo suna yi zuciyarsu ba ta kwanta ba, ko su bar zauren gaba ɗaya alhali rubutu suka zo koya. Don Allah a yi wa wannan magana kar a tsallake ta.

Ɗalibin_Tarihi ya rubuta:

Umma tambayarki a kan hanya take, kuma bai kamata a rufe ta da "ai motsa jiki ne kawai" a wuce ba. Gaskiya ne asalinsa Indiya ne kuma ya taso ne cikin addinan can, tsohon yoga ma yawancinsa zama ne da tattara hankali da sarrafa numfashi don neman abin da suke nema a addininsu. Shi wannan na jere-jeren motsi da ya cika duniya yanzu a ƙarni na 20 ya ɗauki siffarsa, babban wanda ake dangantawa da shi Krishnamacharya ne da ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930, masana tarihi kuma sun nuna an cuɗa shi da atisayen motsa jiki na zamanin. To shi ya sa yau za ki samu aji biyu duka sunansu yoga amma ɗaya ana rera kalmomin bauta ana haɗa tafuka a rusuna, ɗaya kuwa miƙa ce da numfashi babu komai bayan haka.

Malamai sun yi magana a kai. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi, dalilinta shi ne abubuwan bauta da rere-reren da ke ciki, daga baya firaministan lokacin Abdullah Badawi ya ce ana iya yi matuƙar babu rera waɗannan kalmomi. A Janairun 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe, ta haramta mai haɗe da al'adun bauta ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Saudiyya kuma a 2017 ta sa koyar da yoga cikin harkokin wasanni da ake ba lasisi. Akwai malaman da har yanzu suke ganin a nisance shi ɗungurungum, kuma a cikin Kiristoci ma akwai masu irin wannan ɗari-ɗarin, don haka ba mu nan za mu yanke wa kowa hukunci ba, wanda abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Abin da ke hannun Malama shi ne ta gaya wa mai koyarwar tun farko: babu rera komai, babu gaisuwar rana, babu rusunawa, a kira kowane motsi da abin da yake yi wa jiki. Ta rubuta haka ɓaro-ɓaro a sanarwa don kowa ya san me zai tarar. Kuma kar a haɗa shi da rajistar halartar bita, wanda bai zo ba kar a tambaye shi dalili.

Anti_Mai_Waƙa ta rubuta:

Ƙanwata Mai_Bita sannu da hidima, Allah ya ba da lada. Ni na haura hamsin, waƙa nake rubutawa, kuma na daɗe ina zuwa irin ajin da kike nufi, bari in gaya miki yadda namu yake don ki ga babu abin tsoro.

Kujera ce kayan aikinmu, mai ƙarfi marar taya, sai tawul da filo. Kar wani ya ce miki yin amfani da kujera ragwanci ne. B.K.S. Iyengar, malamin yoga ɗan Indiya, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, shi ya yaɗa amfani da kujera da bel da katako da bargo a makarantarsa ta Pune don marasa ƙarfi da marasa lafiya su ma su samu yi, kuma shi kansa da rashin lafiya ya taso yana yaro. To in babban malami irin wannan bai raina kujera ba waye zai raina.

Muna farawa ne a zaune a bakin kujera, tafin ƙafa biyu a ƙasa, in ƙafar ba ta kai ba a sa littafi mai kauri a ƙarƙashi. Minti uku na farko numfashi ne kawai, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu ka fitar a hankali kana ƙirga shida, hannu ɗaya a ciki kana jin yana tashi yana sauka. A nan ne za ki gane kafaɗunki sun daɗe a ɗage kusa da kunne ba ki sani ba, sai a fitar numfashi na uku ko na huɗu za ki ji sun sauko da kansu. Daga nan wuya, kuma malamarmu ba ta yarda a juya kai zagaye ana jefa shi baya, cewa take a ja haɓa ciki kaɗan kamar za a yi haɓa biyu a riƙe a saki, sannan a kai kunnen dama wajen kafaɗar dama ba tare da kafaɗar ta taso ta tarye shi ba, numfashi biyar, a koma hagu. Sai baya: hannu a gwiwa, in ka shaƙa ka turo ƙirji gaba ka buɗe kafaɗu, in ka fitar ka mayar da cibiya ciki baya ya ɗan dunƙule, a hankali a hankali kamar sau takwas. Wanda na fi so shi ne na tawul, ka riƙe shi ta bayanka da hannu biyu ka ɗan ja ƙasa allon kafaɗu su matso juna, duk wanda ya yini a kan kibod zai ji gaban ƙirjinsa yana buɗewa. Hannu kuma a miƙe shi gaba a ja yatsu baya da ɗaya hannun a tausashe, a dunƙule a ware, a girgiza. Sannan mu tashi tsaye mu dafa bayan kujera mu ja ƙafa ɗaya baya don gaban ƙugu ya miƙe, nan ne wajen da zama yake gajartawa. Ƙarshe a kwanta ko a jingina minti biyar ba a komai. Duka-duka minti talatin zuwa arba'in, babu inda aka ɗora nauyi a tafin hannu babu inda kai ya koma ƙasa.

Amma abin da na fi so ki ji shi ne wannan. Ɗaliban rubutu mutane ne da kullum ana duba aikinsu, a ce nan ya yi tsawo, nan bai fito ba, wannan baitin ya karye, su ma kansu ba sa raga wa kansu. In kika kawo su ajin da za a riƙa cewa wance ta fi wane lanƙwasuwa, ko malami ya riƙa kiran suna yana gyara mutum a gaban jama'a, to kin ƙara musu wani zaman bitar ne kawai. Jiki kamar sabon ɗalibi yake, in ka tarye shi da suka ranar farko ba zai dawo ba. Ki bar wannan rabin awar ta zama wajen da babu maki babu sharhi babu wanda ya fi wani. Wanda yake so ya kashe kyamara ya kashe, sai dai malamar ta san ba ta ganinsa don haka ta yawaita faɗin inda ya kamata a ji miƙar da inda bai kamata a ji ba. Ja-ja mai daɗi a tsoka babu laifi, amma zafi mai suka ko sagewa ko jiri, a tsaya nan take ba sai an nemi izini ba.

Maganar buɗe ƙwaƙwalwa kuwa kar ki sa a sanarwa. Abin da zan iya shaida a kaina shi ne in na gama nakan zauna in yi rubutu ba tare da wuya yana kirana ba, kuma fargabar nan ta farar takarda tana raguwa saboda numfashina ya lafa. Baitin dai ni zan nemo shi da kaina. Mu mukan ɗauki biro da takarda bayan an gama mu yi minti goma kowa ya rubuta abin da ya zo masa, ba a karantawa ba a tura wa kowa, wani lokacin a samu abin kirki wani lokacin a samu shirme, duka daidai ne.

Ɗana Mai_Gajeren_Labari kuma gaskiyarka ce a kan tafiya, sai dai ba kowa ke da inda zai fita ko ƙafar fitar ba, kuma abin da mutum ya koya a ajin shi yake ɗauka ya riƙa yi a teburinsa sauran kwanakin. Ai sannu ba ta hana zuwa.

Mai_Bita ta rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti maganarki ta shige ni sosai, musamman ta rashin sharhi, don mu a zauren nan komai sai mun yi masa sharhi, zan tsaya a kan kar hakan ta biyo mu cikin ajin. Umma na ji ki kuma na gode da kika fito da ita fili, zan rubuta tsarin kamar yadda Ɗalibin_Tarihi ya ce, kuma ganin dama ne ba dole ba. Likita Ɗan_Fisiyo, na tura wa ɗalibar bayaninka ta ce za ta je a duba ta.

Abin da muka tsayar yanzu: minti talatin, a kan kujera, da malama mai shaida, takardar lafiya kafin a fara. Saura abu ɗaya da muke ta ja-in-ja a kai, kafin bita za a yi ko bayanta? Wasu sun ce kafin don a shiga da natsuwa, wasu sun ce bayan don a sauke gajiya, bitar tamu kuma takan ci awa biyu.

Ɗan_Fisiyo ya rubuta:

Malama in awa biyu ce ni zan ce kafin, saboda bayan an gama mutane sun gaji ga wanda aka soki labarinsa yana so ya kashe kwamfuta ya tafi, ajin zai watse miki. Ki bar minti goma tsakani don wanda ba ya yi ya shigo bitar ba tare da ya ji ya makara ba. Sannan a tsakiyar bitar ki tsayar da kowa minti uku a tashi tsaye, a yi na haɓa da na tawul da na yatsu, a kalli abu mai nisa ta taga na daƙiƙa 20 don ido ya huta, wannan kowa zai iya har waɗanda ba sa shiga ajin. Kuma ki ce su ɗora laftof a kan littattafai saman sikirin ya zo daidai ido lokacin da ake sauraron karatu, tunda a lokacin ba bugawa suke ba.

Mai_Gajeren_Labari ya rubuta:

To wannan na tsakiyar bitar na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Malama in kina so ni zan riƙe agogo, in awa ɗaya ta cika in tsayar da ku ko da ana tsakiyar labarina ne. Sai ki turo min jerin motsin guda uku in ajiye kusa.